Aju Mai Kifi da Rigar Dalma

A kasuwar kifi ta Shenjiamen, idan ka ce kana neman Meng Aju babu wanda zai tambaye ka wace. Da baki za a nuna maka layin masu ƙaguwa, a ƙara maka da cewa ka sa ido a kan sikeli. Ba ɓarauniya ba ce, kada wani ya je ya ce na ce. Aju ba ta taɓa sa hannu a aljihun kowa ba. Abin da take da shi babban yatsa ne a hannun dama, gajere mai faɗi, wanda ya san hanyar gefen sikeli da kansa, ko da mai shi tana kallon fuskarka tana tambayar lafiyar jikokinka.

Tun tana 'yar ƙarama uwarta ta ƙetaro da ita daga wani ɗan tsibiri, ta zaunar da ita bayan kwandon jatan lande, kuma a nan ta tsufa. Da hukuma ta hana sikelin sanda ta kawo na lantarki mai nuna lamba, mutane suka ce to, yau yatsan Aju ya yi ritaya. Ina! Sai ta koma wa igiya. Kowa yana ɗaure ƙaguwa don kada ta yi cizo, amma ita igiyar Aju kaurinta ya kai yatsa, kuma tun asuba take shan ruwa a bokiti. Ka je gida ka kwance, ka tarar igiyar ɗaure kwale-kwale ka sayo, aka ɗora maka 'yar ƙaguwa gyara.

"Inna Aju, wai igiya na zo saya ne ko ƙaguwa?" in ji mai saye.

"To kwance ta mana, ɗana, ta kama ka a mota. Ni tausayinka na ji."

Abu na biyu da aka san ta da shi ya fi na farko kawo mata girma. Duk unguwar nan babu wanda ya kai ta sanin fawu, abincin da ke tayar da cutar da ta kwanta. Mace ta haihu, yaro ya yi ƙurji, an cire wa tsoho haƙori, sai a aiko a tambayi Inna Aju abin da za a guje wa. Ita kuma ta gyara zama ta fara jero su: ban da jatan lande, ban da ƙaguwa, ban da naman zakara, ban da dinya, kifin teku kuwa ko warinsa kada ya ji. Da safe ta sayar da su, da yamma ta haramta su, kuma ba ta taɓa ganin wani abin mamaki a ciki ba. Ciniki ma bai ragu ba, don takan tuna wa mai tambaya cewa sauran mutanen gida ai lafiyarsu ƙalau, me zai hana a yi musu tsaraba.

Ilimin nan ba a sama ta tsince shi ba. Tana yarinya ƙugiya ta yage wa ubanta ƙafa a jirgi. Aka kawo shi gida, ya ci jatan lande da dare, ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, kafin mako ya zagayo an binne shi. Uwarta ta ce jatan lande ne. Cewa ƙugiyar ta yi tsatsa, kuma duk tsibirin babu ko mai yin allura, wannan bai shiga lissafi ba. Aju ta riƙe maganar uwarta gam, har ta yi furfura ba ta sake ta ba.

Mijinta, Dai Genfu, ya yi kusan shekara arba'in a jiragen kamun kifi kafin gwiwa ta sauke shi. Mutum ne da idan ya ce "to" da safe ya gama maganar ranar. Zama yake a ƙofar gida yana gyaran taru na mutane, ita tana kiransa tsoho, shi yana kiranta tsohuwa, kuma duk wanda ya san gidan ya san wa ke riƙe da sitiyari. 'Yarsu ɗaya, Wenna, tana aikin ofis a Hangzhou.

Da kaka ta shigo Genfu ya fara ture kwano. Ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi, wando ya fara zamewa. Aju ta ce iska ce ta shige shi, ta yi ta ɗura masa ruwan citta. Sai da Wenna ta zo hutu ta gan shi, ta ɗora hannu a ka, ta tura shi mota suka ƙetare gada zuwa babban asibiti a Ningbo. Aka zura masa na'ura ta baki aka leƙa. Ciwon daji ne a tumbi. Kamar yadda aka saba, uwa da 'ya aka faɗa wa, shi kuma aka ce masa gyambon ciki ne da ya ɗan yi tsanani. Genfu ya ce, "To."

Likita Shao, mai tiyatar, wata siririyar mace ce mai tabarau wadda ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Ta ce abin bai yaɗu ba tukuna, za a iya cire shi. Matsalar ita ce mutumin ya rame da yawa.

"Idan na yanka shi a haka, ɗinkin ba zai kama ba," in ji ta. "Ku tafi da shi gida ku ciyar da shi. Ga wannan, safe da rana da yamma, ban da abincin da zai iya ci. Duk mako ku kawo shi a auna. Da zarar na ga nauyi ya fara dawowa zan ba ku rana, kuma ina so a yi kafin Sabuwar Shekara, don abin nan ba ya jira."

Ta ɗora wata 'yar kwalba a tebur, mai ruwa kamar madara. Ta ce ba magani ba ne, abinci ne da aka haɗa don irin waɗannan marasa lafiya, akwai duk abin da jiki yake nema a ciki, har da man kifi da ake kira omega, wanda ke rage kumburi ya taimaka wa jiki ya jure aiki. Duk bayanin nan kalma biyu kaɗai suka shiga kunnen Aju.

"Likita, man me kika ce?"

"Man kifi, Inna."

"Ga mai wannan ciwon? Kifin teku?"

Likita Shao ta cire tabarau ta murza ido. Da gani ba yau ta fara jin tambayar ba. "Inna, kifi ba ya tayar da ciwon daji. Yunwa ce za ta kayar da shi kafin ciwon ya kayar da shi. Kin ji ni?"

"Na ji, Likita. An gode, Likita."

Ko bakin ƙofar asibiti ba su kai ba ta ja hannun Wenna. "Matar nan karatu ya yi mata yawa."

"Mama, don girman iyayenki kada ki fara."

"Ni na ce wani abu?"

Wenna ta sayi kwalaben katan-katan, masu tsada kuwa, ta jibge su a ɗaki, ta koma bakin aikinta. Motarta na ɓacewa Aju ta buɗe guda ta kai hanci. An zuba wa abin ƙamshin alewa don a rufe asiri, amma wa za a yi wa haka? Hancin da ya shekara hamsin a kasuwar kifi? A shaƙa ɗaya ta ji shi can ƙasa, har tana iya rantsuwa da irin ƙananan kifayen da aka matse. Ta rufe kwalbar, ta dubi tsoho yana gyangyaɗi a kujera, ta yanke hukunci: muddin tana numfashi wannan abu ba zai shiga cikinsa ba.

Sai dai akwai wata matsalar. A gidan Aju ba a zubar da komai. Ruwan wanke shinkafa ma shuka ake ba. Ta tsaya a kan magudana da kwalba a hannu, hannun ya ƙi karkata. Abin da yarinya ta saya da guminta a tuttular? Ta yi tunani, ta ga ai ita lafiyarta ƙalau, babu abin da ke kwance a jikinta balle a tayar. Ta ɗaga kai ta shanye. Ta lashe leɓe. Kai, abin ma ba laifi.

Haka aka shiga tsari. Safe da rana da yamma Aju tana shan kwalba a tsaye a kicin, Genfu yana shan kunun farar shinkafa tsararo, da ɗan dafaffen kabeji, abincin da ko jariri ba zai tayar wa komai ba. Sau ɗaya ya leƙo ya same ta da kwalba a baki.

"Tsohuwa, wancan ba nawa ba ne?"

"Naka yana cikin kwano."

"To."

Kullum da yamma Wenna takan kira ta waya mai hoto. Aju ta juya wayar ta nuna mata kwalabe a jere a bakin taga, wankakku, babu ko ɗigo.

"Yana sha kuwa, Mama?"

"Ga su nan kina gani, kina tambayata? Ko ɗaya ba ta yi kwantai ba."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi da Aju: za ta cuce ka tas ba tare da ta yi maka ƙarya ko ɗaya ba.

Awo na farko, nauyi ya ƙara sauka. Likita Shao ta haɗa rai. Ta ce ranakun aiki kafin biki suna cika, idan aka ci gaba a haka ba za ta iya riƙe masa gurbi ba. Ita ma Aju aikin take so a yi. Kada ku yi mata mummunar fahimta. Tana son tsohon nan, so na gaske, irin wanda ba a faɗa. Abin da take so shi ne a shigar da shi ɗakin tiyata da jini mai tsabta wanda kifi bai taɓa ba, a cire mugun abu, ta dawo da kayanta gida. Tsakaninta da wannan buri babu komai sai lamba a kan sikeli.

Sikeli kuwa ai gidanta ne. Ta tsaya ta lura da yadda ake awon. A baranda ake yi, inda iska ke kaɗawa, nas ta ce a cire takalmi, amma ba ta cewa tsofaffi su cire rigar sanyi. Ta kalli lamba, ta rubuta, ta kira na gaba. Aju ta ji babban yatsanta yana ƙaiƙayi.

A ƙarƙashin gadonsu akwai akwatin katako cike da dalma, irin 'yan dunƙulen da ake ɗaura wa gindin taru don ya nutse. Ta ɗauko rigar sanyin Genfu mai auduga, ta farke shafin, ta naɗe kowace dalma da tsumma don kada su yi ƙara, ta rarraba su gaba da baya, ta ɗinke. Aiki ne mai kyau, wannan kam sai a yaba mata. Kuma ba ta yi hauka ta zuba da yawa ba. Ta san mai saye yakan tsargu idan nauyi ya yi tsalle, don haka kaɗan ta sa, ta bar saura na makon gaba.

Genfu ya sa riga ya ɗaga kafaɗa. "Rigar nan ta yi nauyi."

"Ƙarfinka ne ya ragu, tsoho."

Nan ma ba ƙarya ta yi ba.

Awo na biyu, nauyi ya tsaya. Na uku, ya ɗan hau. Idan an shiga wurin likita za a duba cikinsa, Aju ce ke rugawa ta cire masa riga da kanta, ta rungume ta a cinya har a gama. Nas-nas suka riƙa nuna ta, suna cewa ka ga matar kirki, ko riga ba ta bari ya ɗauka. Likita Shao ta duba sakamakon jini ta ce bai yi mata daɗi ba, bai tafi tare da sikeli ba. Ta latsa ƙafarsa ko ruwa ne ya taru, ba ta ga kumburi ba. Ta dubi Aju.

"Yana shanye kwalaben?"

"Ba a barin ko ɗigo, Likita."

Likita ta ce wani lokaci jini yakan biyo baya a hankali. Ta ba su rana, ana saura kaɗan biki.

A kasuwa kuwa wani labarin ake. Aju ta yi kumatu. Fatarta ta yi sheƙi, wuyanta ya yi layi, maɓallin rigar aikinta ya fara neman agaji. Gwiwar da ta shekara tana kuka da ita ma ta ce ta yi sauƙi. Maƙwabciyarta Inna Bao, mai busasshen kifi, wadda suka shekara talatin suna gaisawa suna zagin juna a bayan ido, ta kasa haƙuri.

"Ke Aju, miji yana kwance ke kina ta murjewa? Ko an yi sabon kamu ne ba mu sani ba?"

"Baƙin ciki ne yake kumbura ni."

"Tabɗi! In haka baƙin ciki yake, a sammin."

Ranar kwanciya asibiti Wenna ta ɗauko hutu ta zo. Aka ba Genfu gado na bakwai a ɗakin maza, nas ta miƙo masa kayan marasa lafiya masu ratsi-ratsi, ta ce ya canza a auna shi, don likita mai sa barci yana bukatar nauyinsa daidai. Da ya fito cikin kayan nan Wenna ta kau da kai. Wuyansa ya zama kamar na kaza da aka fige.

Aju ta taso da riga a hannu. "Bari ya ɗora wannan, 'yata, kada sanyi ya kama shi."

"Ɗakin nan da ɗumi, Inna. A haka za a auna."

"Ai tsoho ne, iska kaɗan..."

"Iyalin gado na bakwai, ki zauna."

Genfu ya hau. Nas ta kalli lamba, ta kalli takardarta, ta ce ya sauka ya sake hawa. Ta buga sikelin da ƙafa, ta ce ya lalace, ta aika a kawo wani. Na biyun ma abin da ya faɗa ke nan. Mutumin da aka rubuta nauyinsa yana hawa, ashe ya fi ranar farko ramewa nesa ba kusa ba.

Ana cikin wannan Wenna ta karɓi rigar daga hannun uwarta don ta rataye. Hannunta ya yi ƙasa.

"Mama, me ke cikin rigar nan?"

"Auduga ce ta sha damshi. Kawo."

Wenna ba ta kawo ba. Ta ɗaga ta da hannu biyu ta rataya a ƙugiyar bango. Tsohon yadi ne, an farke shi an ɗinke ba sau ɗaya ba. Aka ji kyaaat, shafin ya ɓalle daga kafaɗa, dalma ta zubo. Wasu suka faɗi tim a cikin tsummansu, wasu suka kwance suka gangara ƙarƙashin gadaje, ɗaya ta tafi har bakin ƙofa ta tsaya a ƙafar mai shara.

Mai gado na takwas, wani tsohon masunci da ke jiran nasa aikin, ya sunkuya ya ɗauki guda ya juya ta a hannu.

"Ta gindin taru ce," in ji shi. "Mai kyau kuwa. Yaya, kifi za ka kama a ɗakin tiyata?"

Ɗaki ya fashe da dariya, har da masu riƙe da ɗinki suna cewa wayyo. Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya ga fuskar Wenna.

"Mama," in ji ta. "Ƙaguwa kika mai da Baba?"

Aka kira Likita Shao. Ta zo ta tsaya, ta kalli dalma a ƙasa, ta kalli Genfu a bakin gado da ƙafafu kamar sanduna, sannan ta juyo ta ƙare wa Aju kallo tun daga kumatu har wuya.

"Kwalaben fa? Wa ya sha?" Ba ta jira amsa ba. "Bar shi, ba sai kin faɗa ba. Aƙalla yanzu na tabbata suna aiki."

Nan Aju ta buɗe wuta. Ta ce man kifi ne, kowa ya sani, ko yaron goye ya san mai ciwo ba ya kusantar kifin teku. Ta kawo ubanta, ta kawo ƙafarsa, ta kawo uwarta da kakarta. Ta ce ita ta ceci mijinta ne, kuma in da a ce likitoci suna sauraron manya da ba a cika asibiti haka ba. Wasu daga cikin matan da ke jinyar mazajensu har suna gyaɗa kai a ɓoye, don su ma akwai abin da suke zubarwa a bayan gida.

Likita Shao ta bari ta gama. "Ba za a yi aiki gobe ba. Mai sa barci ba zai karɓe shi a haka ba, ni ma ba zan taɓa shi ba. Za mu sa masa roba ta hanci mu ciyar da shi da kanmu. Sai bayan biki mu sake dubawa."

Gurbin Genfu mai gado na takwas aka ba.

Haka suka yi Sabuwar Shekara a asibiti. A waje ana ta harba tartsatsin wuta, a ciki Aju tana zaune a kan kujerar roba tana kallon farin ruwan nan da ta hana shi yana ɗiga ta roba zuwa hancin mijinta, da man kifinsa da komai. Tana gunaguni, amma ba ta isa ta taɓa ba, don Wenna ta ajiye aiki ta tare a gefen gado, kuma ko ruwa uwarta ta kawo sai ta sansana. A hankali Genfu ya ɗan ciko, wannan karon nama ne ba dalma ba. Ita kuma Aju ta fara zubewa.

Bayan biki aka sake ɗaukar hoton cikinsa. Likita Shao ta kira uwa da 'ya ofis, ta rufe ƙofa, ta nuna musu wasu ɗige-ɗige a hanta. Ta ce aiki ba shi da amfani yanzu. Akwai magungunan da za su ɗan ja lokaci, su rage zafi.

Wenna ta dubi hoton. Sannan ta tambaya, ba tare da ta dubi uwarta ba, "Likita, da an yi a ranar da kika sa tun farko fa?"

"Babu wanda zai iya faɗa. Wataƙila tun can suna nan, ba su dai fito a hoto ba. Wataƙila kuma da mun riga su."

Magana biyu likita ta yi. Aju ta ɗauki ta farko ta sa a jaka, ta bar ta biyun a kan tebur. Washegari tana kasuwa.

"Likita da bakinta ta ce tun can abin yana nan," ta gaya wa layin ƙaguwa. "Kuma ku duba ku gani. Duk lokacin da nake ba shi kunu ciwo yana kwance lafiya. Suna ɗura masa man kifi ta hanci, ya tashi ya kama hanta. Ni dai na faɗa."

Mata suka yi ta jinjina kai. Inna Bao ma ta ce gaskiya abin da dubawa. Maimakon sunan Aju ya zube, sai ya ƙara tashi. Har daga wasu unguwanni aka riƙa zuwa tambayarta abin da mai ciwo zai guje wa, ga ta nan wadda ta ja da likitocin birni kuma maganarta ta fito. Ita kuma tana amsawa, sai dai an lura ta daina kallon mutum a ido idan tana jero su.

Aka dawo da Genfu gida da bazara. Ya koma kujerarsa ta ƙofar gida, ba ya gyaran taru kuma, kallon jirage kawai yake. Wata rana da hantsi Aju ta kawo masa kunu. Ya kalli kwanon bai karɓa ba.

"Tsohuwa, zauna."

Ta zauna, don bai taɓa ce mata haka ba.

"Ni fa na iya karatu. Abin da aka rubuta a ƙofar ɗakin can ba gyambo ba ne." Ya numfasa. "Dalma kuma shekara arba'in ina ɗaura ta. Tun ranar farko na san nauyinta a kafaɗata."

Aju ta ce, "To me ya hana ka magana?"

"Yaushe na taɓa cin gardama da ke?"

Wani jirgi ya yi ƙaho a tashar. Ta sunkuyar da kai tana murza babban yatsanta a gefen kwano.

"Yanzu dai babu sauran abin da kifi zai tayar," in ji shi. "Rabona da shi tun kaka. Dafa min."

Ta ɗauki kwando ta tafi tashar da kanta, ta jira jirgin da ya shigo, ta zaɓi kifin zinariya, irin wanda ake ajiye wa babban baƙo, idonsa garau, jikinsa yana ƙyalli. Ta turara shi da citta da albasa mai lawashi kamar yadda yake so tun suna amare. Ƙamshi ya cika layin. Ta ajiye a gabansa, ta cire masa naman kumatu, wurin da ya fi daɗi, ta ɗora masa a cokali.

Genfu ya sa a baki ya rufe ido. Ya daɗe yana taunawa. Ya haɗiye da ƙyar, ya dafe ciki, ya jira. Ta miƙo na biyu, ya girgiza kai. Hanya ta riga ta toshe, loma ɗaya ce iyakar abin da ta bari.

"Ya yi daɗi," in ji shi.

Ya sa yatsu biyu ya turo farantin gabanta a hankali. Babu fushi a fuskarsa, babu gori a muryarsa, kuma da akwai da ya fi mata sauƙi.

"Cinye, kada ya lalace. Ai kin saba cin rabona."

A gidan Aju ba a zubar da komai. Ta ɗauki tsinkayen cin abinci, ta fara daga wutsiya. Shi kuma ya jingina da kujera yana kallonta tana ci.